Rami na Huɗu

Mun sauka Gulbi tun da sanyin safiya,
ni da Nomau, da shebur biyu,
jarka shida bisa amalanke
da zoben ƙarfe na aro.
Gada ake so daga Maradi zuwa gonakin ƙetare,
ita kuwa gada ba ta tsayuwa sai ƙasa ta yarda.

Rami na fari rairai ne zalla.
Na kafa zobe, na zuba ruwa, na duba agogo.
Kafin in cire marfin biro
ya tafi, kamar bashin da aka ba ɗan'uwa.

Na biyu laka ce, baƙa wuluk, mai ƙarnin tarwaɗa.
Ruwa ya zauna, mu ma muka zauna.
Nomau ya ci ƙuli-ƙuli, ya yi azahar, ya dawo,
ko faɗin yatsa bai sauka ba.
Na murza ta a tafin hannu har ta yi siririyar igiya,
ta ƙi tsinkewa.
Na san halinta: da damina ta kumbura, da bazara ta tsage.
Mai riƙe ruwa haka, ginshiƙi take saki.

Na uku babu labari.

A na huɗu, la'asar ta kawo kai,
ramin ya shanye Nomau har hula,
sai shebur ta yi ƙara.
Ƙarƙashin rairai, ƙarƙashin laka, ƙarƙashin wani rairan,
ga toka kwance, kaurin ɗan yatsa,
ga duwatsu uku da baƙin hayaƙi,
ga bakin tukunya da zanen farce.
Nan wata ta taɓa tuƙa tuwo
kafin Gulbi ya juya kwanciya.

Nomau ya miƙo mini tsingaron, bai ce uffan ba.
Ya dai tuɓe takalmi ya ɗora a bakin rami.

Takardata tana da gurbin zurfi,
gurbin launi, gurbin danshi,
da na yawan bugun guduma kafin sanda ta nutse.
Na duba gaba, na duba baya,
babu gurbin murhu.

Na zuba ruwan dai, aiki aiki ne.
Ya ratsa tokar a hankali,
minti tara, kamar mai sallama a ƙofar gida.
Na rubuta tara.

Tsingaron na aljihuna har yanzu,
yana gogar mabuɗin babur.