Guga Ɗaya, Hannu Takwas

Azahar a Mabera, kwalta tana narkewa,
an ɗauke wuta, janareta yana ta tari.
Na kwance bayan wata kwamfuta mai zazzaɓi,
na kankare man da ya bushe bisa ƙwaƙwalwarta.
Ga ta nan, ba ta kai akwatin ashana faɗi ba.

Mai ita, Malam Janaidu, ya gyara tabarau:
"Ɗana, wagga 'yar aba, mi taka yi?"

Na ce, Malam, ma'aikata huɗu ne a ciki,
kowa da ɗakinsa, kowa da ɗan allonsa.
Da can ɗaya ne tilo.
Aka yi ta zuga shi, yi sauri, ƙara sauri,
har ya ɗau zafi kamar rufin kwano da bazara.
Da maƙera suka ga ƙonewa zai yi,
sai suka samo masa ƙanne.

Ina faɗa ina tuna fadamar Kwalkwalawa,
mu huɗu a gonar albasar Baba Arzika:
ni, da Modi, da Haliru, da autanmu Ladan.
Baba ba ya riƙe fartanya, rabo ne aikinsa.
Kai kama gabas, kai kama bakin gulbi,
wanda ya gama kada ya zauna, ga wani fangali.
Kafin rana ta take, aikin yini ya ƙare.

Amma rijiya ɗaya ce, guga ɗaya.
Idan Modi ya zura, sai mu uku mu tsaya,
hannu shida a ƙugu, ana kallon igiya.
Shi ya sa kowa ke ajiye ɗan tulu kusa da shi,
don kada kowane ƙishi ya kai shi layi.

Ranar da muka sha faɗa kuwa,
Haliru ya rubuta bashin Ɗan'ige a littafi,
Ladan bai sani ba, ya goge, ya sa nasa lissafi.
Buhu biyu suka bi iska.
Tun ranar Baba ya kafa doka:
mai alƙalami shi kaɗai ke taɓa littafi,
in ya canza lamba, ya ɗaga murya kowa ya ji.

Haka suke a nan, Malam.
Suna rabo, suna jira, suna sanar da juna,
sau dubun dubbai kafin ka ƙifta ido.
Sai dai akwai aikin da ba ya rabuwa.
Ko mu arba'in ne, ba a dashe kafin iri ya tsiro,
ba a cira kafin albasa ta yi kai.

Na ɗiga sabon mai, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar gero,
na hure fanka, na ɗaure kusoshi, na kunna.
Layi huɗu suka fito a fuskar gilashi:
ɗaya ya haye sama yana haki,
uku suna kwance, ko gezau.

Na ce, tsohuwar manhajarka ce,
ɗa ɗaya ta sani, shi take aike.

Malam ya yi dariya har tabarau ya zame.
"Gidana ke nan," ya ce.
Ya biya ni, ya nemi ragin ɗari biyu,
ya rungume ta ya fita cikin rana.