Katin Mutawakilu

Ni ce mai zagayen susu a Aboabo,
daga bakin masallaci har layin masu gyaran waya.
Kati arba'in a jakata,
kowanne da gida talatin da ɗaya.
Na Mutawakilu ne kaɗai mai wawulo:
gida uku a cike, tara wayam.

Ɗakinsa na saman shagon tela.
Fanka mai tari, kwamfuta mai tsagaggen goshi,
shayin da ya huce tun asuba.
Shekara bakwai yana kiwon wata manhaja,
'yar mitsitsiya kamar allura,
mai ɗinke lissafin kuɗi tsakanin waya da waya.
Ya bar ƙofarta a buɗe, ya ce kowa ya ɗauka.

Aka kuwa ɗauka.
Masu benaye a Ankara sun ɗauka,
wasu a ƙasashen da bai iya faɗin sunansu ba sun ɗauka.
Na ce, to ina kuɗin?
Ya juyo mini da allon: taurari dubu huɗu na yabo.
Na ce, ɗana, Abiba mai wake da shinkafa
ko farin wata ka kai mata
sai ta tambaye ka sidi.

Ya yi dariya, ya fara ƙirga mini da yatsu.
Akwai gwangwanin taimako da ya rataya a ƙofar:
watan jiya dala goma sha ɗaya ta faɗo,
banki ya lashe huɗu a hanya.
Akwai wata gidauniya, takarda shafi ashirin,
ta ba shi na wata shida don ya gina sabon ɗaki,
amma na toshe yoyon rufi, babu.
Kowa na son hotonsa ranar buɗe gini,
wa ke son a gan shi yana yasar kwata?
Wani kamfani ya zo da albashi mai maiƙo,
sharaɗi ɗaya: a sa kwaɗo a ƙofa.
Ya kwana uku yana juyi,
ya ce musu rijiyar unguwa ce.
Wani ya ce, bar ruwan kyauta, ka sayar da guga.
Yana gwadawa. Mutum biyu suka saya.

Da dare, in an ɗauke wuta,
saƙo na shigowa ta hasken waya:
gyara wannan kafin Litinin!
Daga wanda bai taɓa ce masa sannu ba.

Na ce, saurara, ni ban yi boko ba.
A sana'ata, kowa ya zuba kwana talatin da ɗaya,
kwana ɗaya nawa ne, ladan ƙafa.
Ba wanda ya taɓa kiransa sadaka.
Ba na gode wa kowa a kansa,
ba kuma wanda ya ji an cuce shi.
Ya yi shiru. Ya ɗauki biro, ya rubuta a bayan rasit.

Ina saukowa daga bene wayata ta yi ƙara:
zubin mai nama ya shigo daga Kejetiya,
daidai wa daida, ko kwabo bai zube ba.
Na tsaya a mataki na biyar
ina tunanin allurar da ya bi ta kafarta.

Na ciro katin mai wawulo.
Na cike gida ɗaya da hannuna.
Saura takwas.