Gado na Huɗu

Na sauka Unguwa Uku la'asar sakaliya,
jaka a kafaɗa, kuɗin sarin gilasan waya
ƙulle cikin safa,
ina neman inda zan kwana.

Otal na fari ƙofar gilashi gare shi,
sanyinsa ya tarbe ni tun daga matakala.
Da aka faɗi kuɗi sai tari ya sarƙe ni,
na ce na yi mantuwa a mota, na fice da girmana.

Na biyu araha kamar gyaɗar kaka,
sai dai zanin gadon ya ga jiya ya ga yau,
famfo na kukan ƙishirwa,
kuɗin-cizo sun yi sahu suna jirana.

Sallau mai adaidaita ya ce, "Hau, malam."
Ya kutsa wani lungu a Titin Gidan Zu:
bango shuɗi kamar an tsamo shi daga karofi,
ƙwan lantarki rataye cikin ƙwarya,
faifai bakwai an kafe su a jere,
ga sola a rufi tana kiwon rana.

Lantana mai rajista ba ta ɗago kai ba:
"Kai kaɗai, da bayi a ciki, dubu sha takwas.
Na haɗaka, gado shida, dubu biyar,
da akwatin ƙarfe da makullinsa."
Zuciya ta ce, huta, ai ka sha hanya.
Aljihu ya ce, gilashi guda da batir ke nan tsakani.
Kowa ya san wanda ke da magana a gidana.

Gado na huɗu, jikin taga.
Barau ɗan Maraɗi, mai sarin shadda,
minsharinsa injin markaɗe ne.
A sama wani yaro na haddar sunayen ƙasusuwa
da hasken waya, gobe jarrabawa.
Na ƙi akwatin, na ƙi makullin,
na danne safar da cikina.

Ƙarfe biyu fanka na juyi, idona biyu.
Ashe tsohon da ke gado na biyar ma haka.
Matarsa na asibitin koyarwa,
ba a barin maza su kwana a ɗakin mata.
Ya miƙo mini rabin gurasa a takarda,
ya ce, "Yi barcinka, yaro,
ni dama ba zuwa zai yi ba. Zan duba maka."
Ban san sa'ad da hannu ya saki ba,
sai kiran assalatu a kunnena.

Kuɗi cif. Gado na biyar a gyare,
bargo a ninke, babu ko takalmi.

Na yi sarina, har an yi mini ragi.
A mota Azare ta kusa na tuna:
ban tambayi jikin mai jiki ba,
ban ma tambaye shi suna ba.
Lantana ta ce in kuɗi sun zo in gwada na sha takwas.
Wataƙila. Amma can wa zai ce in yi barcina?