Tsakanin Mi da Fa

Ran da na ce wa Inna kiɗa zan karanta,
ta ajiye wuƙa bisa albasa, ta ce, "Mi?"
Na ce, "Inna, kin riga ni shiga aji,
sauti na uku ke nan kika faɗa."
Ba ta yi dariya ba.
Buhu goma sha ɗaya ta kai kasuwar Tawa
kafin sunana ya hau takarda a Yamai.

Na zaci hannu za su fara tambaya,
sai suka kama kunne.
Ƙarfe bakwai Mushe Alzuma ya ba mu baya,
ya danna piyano mai mataccen haƙori ɗaya,
ya ce kowa ya rubuta abin da ya ji.
Ni na ji tattabaru bisa kwano,
na ji kabu-kabu yana hawan gada,
na ji cikina.
Huɗu bisa ashirin, da jan biro.

Aka ba ni layi biyar in shanya sauti
kamar wankin gidan haya.
Na haddace mutanen da suka mutu cikin sanyi
masu sunaye da ke karya harshe.
Gurumi bai isa ba, in ji doka, sai da na biyu,
na ɗauki sarewa don ita ce kuɗinta bai kai jikka uku ba,
maƙwabcina a ɗakin kwana ya daina gaishe ni.
Wata biyu a firamaren Harobanda,
yara saba'in, ganga ɗaya,
sauran suka daki tebur, kuma sun fi ni lokaci.

Shekara ta uku, kundi: shafi sittin.
Na koma gida da na'urar aro
wurin Nomau, tsoho mai gurumi bayan 'yan fata.
Akwai wani sauti a kiɗansa
da ya ƙi zama bisa layi, ya ƙi zama a fili,
ya wuce mi, bai kai fa ba,
yana tsaye kamar baƙo a bakin zaure.
Dare tara ina mayar da kaset baya.
Na yi masa shafi goma sha biyu,
na kira shi gadon kakanni,
na ce a cikinsa Adar ke numfashi.

Na kai wa tsoho takardar.
Ya riƙe ta a juye, ya ce tururuwa sun hau igiya.
Da na karanta masa, ya yi dariya har da tari,
ya miƙo mini ɗan yatsansa, karkatacce.
"Jakin Arzika ya taka shi ina yaro.
Ba ya kai inda ake so, sai na bar shi inda ya kai.
Shekara sittin ba wanda ya zo ƙara."

Na yage goma sha biyun a mota, wajen Dogon Dutsi.
Na rubuta jaki.

Ranar gwaji, minti arba'in ni kaɗai,
alƙalai uku, fanka mai kuka, ruwa a kofin roba.
Tafina ya jiƙa fatar gurumi.
Da na iso wurin, na lanƙwasa lafiyayyen yatsana,
na tsaya inda jaki ya tsayar da Nomau.
Ta tsakiya ta ɗaga biro, ta riƙe shi a iska.
Mushe Alzuma ya rufe ido,
ban san ko zafi ba ne ko daɗi.

Da yamma na tsaya kan gada, kogi yana wucewa
ba wanda ya taɓa ba shi maki.
Na kira Tawa, na ce, "Inna, na ci."
Na ji wuƙa ta tsaya.
Ta yi hamdala sau uku, ta yi shiru,
sannan ta ce, "Aikin fa?"

Sauti na huɗu ke nan.
Ban faɗa mata ba.