Kwatance a Cikin Jini

A Yakasai ba a tambayar lambar gida.
Cewa ake: ka wuce mai niƙa,
ka bar rijiyar da aka rufe a hagunka,
in ka ji ƙanshin alkaki, ka iso.
Mai niƙa ba shi ne gidan ba,
amma wanda ya same shi ya kusa.

Aikina ke nan, Baffa Ilu,
tunda ka tambayi abin da zan yi da jininka
bayan na cika 'yar kwalba na liƙa mata lamba.
Akwai birni a cikin ɗigo ɗaya,
lungunansa sun fi na Kurmi murɗewa,
ba allo, ba mai unguwa.
Sai na kafa alamu: nan mai niƙa, nan rijiya,
in duba wace alama ke bin masu ciwo
daga kaka zuwa jika,
kamar maƙwabtan da ambaliya ta kora
suka sake zama katanga ɗaya a Sheka.

Sikila ba ta wahalar da masu nema haka ba.
Harafi guda ya zame, aka nuna ƙofar da yatsa.
Hawan jini kuwa ɗan adashe ne:
gida ɗari, gida dubu,
kowa ya zuba sisinsa, ba mai cewa nawa ne,
ranar kwasa sai ta faɗa kan mutum ɗaya
yana tsaka da alwalar la'asar.

Haka ta faɗa kan Abbana.
Butar tana nan, na hana a taɓa.

Ka ce ku bakwai ne ciki ɗaya.
Huɗu na shan magani, uku garau,
har da Goggo Tasalla mai barbaɗa gishiri kafin ta ɗanɗana.
Ita nake so in gani ranar Laraba.
Mai lafiya ma shaida ne.

Kada in yi maka ƙarya:
taswirar da nake aro, a wasu garuruwa aka zana ta,
daga jinin mutanen da ba su san daddawa ba.
Wani lungun nasu a nan bango ne.
Shi ya sa nake tara namu,
kwalba dubu biyu da sha tara zuwa jiya,
ina kwana da kunne ɗaya wajen janareta,
don in firjin ya huce, shekara uku ta narke.

Jiya da dare kwamfuta ta zana min ɗige-ɗige,
ɗaya ya ɗaga kai sama da 'yan'uwansa
kamar Dala a kan rufin gari.
Ban yi guɗa ba.
Na taɓa ganin tudu irinsa ya baje
da muka ƙara mutum ɗari biyar.

Kuma akwai abin da na'ura ba ta karantawa:
cunkoson Ƙofar Nassarawa da rana tsaka,
kuɗin makarantar yara,
haya, da sallamar mai bin bashi.

Danne audugar, Baffa, naɗe hannun.
Ban sami gidan ba tukuna.
Amma ina jin ƙarar injin niƙa
daga bayan wata katanga.