An Ɗauke Wuta

Talata ce, hantsi ya ɗaga,
ina ɗaura agogo zan wuce Kwari,
Rumasa'u ta ce daga kan tabarma:
"Baba, gari bai waye ba ne?
A kunna fitila, ban ga takalmina ba."

Na yi dariya. Allah ya yafe mini dariyar nan.
Rana na kwance male-male a tsakar gida,
takalmin kuwa ga shi gaban ƙafarta,
ja, mai maɓalli, na ƙaramar Sallah.

Ba zazzaɓi, ba faɗuwa, ko kwantsa babu.
Idanu biyu garau irin na jiya,
sai dai an kwashe kayan ɗakin
an bar ƙofa a buɗe.

Adaidaita ta kai mu Murtala,
Murtala ta tura mu Sabon Gari,
can aka ce sai asibitin Malam.
Likita ya haska 'yar tocila, ya sake haskawa,
ya ce ƙwayar ido lafiya lau,
hoton kai ma bai faɗi komai ba.
"A dawo bayan sati biyu."
Ni da na cika aljihu da cinikin shago
don in sayi sunan ciwon ko nawa ne,
na dawo Yakasai da takarda mai layi uku.

Ciwo mai suna, ka san wanda za ka zaga.
Wannan fa, rigar wa zan riƙe?

Gwaggonta ta aiko da kwalli.
Maƙwabci ya ja ni gefe, ya rage murya, ya ambaci baki.
Uwarta, Lantana, ba ta ce uffan ba,
ta dai kife madubin ɗaki,
tana dakan yaji alhali gwangwani cike yake.

Shekara ashirin ina sayar da launi.
Jiya wata ta ce a ba ta ruwan goro,
na miƙa mata ruwan toka,
ta dube ni, ta ajiye, ta yi gaba.

Da dare, bayan kowa ya kwanta,
na rufe ido na taka daga zaure zuwa randa.
Taku goma sha ɗaya, turmi ya sare ni a ƙauri.
Na kawar da shi, na sassauke igiyar shanya,
na cike ramin bakin rariya da hannuna.
Sannan na buɗe ido,
kunya ta kama ni da ya buɗu.

Ita kuwa ta riga ni nisa.
Tana gane tafiyata tun daga lungu,
ta ce, "Ka biya wajen mai tsire, na ji."
Na kawo mata ƙyallen atamfa, ta shafa,
ta ce wane launi ne.
Na fara kame-kame: ja ne, kamar barkono a harshe,
kamar murhu idan kin matso...
Ta ce, "Baba, na san ja.
Ban manta ba tukuna."

Tukuna.
Kalmar ta bi ni masallaci,
ta tsaya kusa da ni a sahu,
har na rasa raka'a ta nawa muke.

Gobe kwana goma sha huɗu.
Ɗazu aka kawo wuta, yaran unguwa suka ɗau ihu,
ita ma ta tafa tare da su.
Na tsura wa fuskarta ido ƙarƙashin ƙwan lantarki.
Ta ƙifta? Ban sani ba.
Ina jin ta ƙifta. Lantana ta ce iska ce.

Yanzu fitilar caji nake bar mata har asuba,
a kan akwati, daidai saitin filonta.
Uwarta ta ce ɓarnar me ke nan.
Na ce bar shi.
Idan ganin ya tashi dawowa da tsakar dare,
kada ya tarar da duhu,
yarinyar ta ɗauka bai zo ba.