Kainuwa Ba Ƙasa Ba Ce

Ku matso, amma kada ku wuce dutsen nan.
Kai Tasi'u, matse ƙwallon a hammata,
ba inda za ta.

Me kuka gani a can?
Fili, ko? Kore shar kamar darduma,
har balbela na taku a kai
ba ta jiƙa ƙafa ba.
To balbela ba ta kai nauyin takalminka ba.
Kainuwa ce. Ganye ne ya yi wa rami murfi.
Kakanni suka haƙa, suka kwashi jar ƙasa
suka gina rabin Gwammaja.
Duk soron da kuka gani a tsaye,
raminsa na nan, cike da ruwa.

Shekara ashirin da shida na yi a hukumar kashe gobara.
Wuta aka ɗauke ni in kashe,
amma ruwa ya fi tashi na da tsakar dare.

In marka ta zauna, saman kududdufi ɗumi ne,
kamar shayin da aka manta.
Tsayin mutum ɗaya a ƙasa, sanyi ne mai cizon ƙashi.
Numfashi yake fara ƙwacewa.
Baki ya buɗe ba da izininka ba, ya sha.
Jijiyar ƙafa ta ɗaure,
laka ta cafke idon sawu kamar mai bin bashi.

Wanda ruwa ke ci ba ya ihu.
Ku riƙe wannan.
Kai a baya, ido a buɗe, shiru,
yana hawan tsanin da babu shi.

Kamilu ya fi ku iya iyo, dukanku.
Ƙanensa ya bi ƙwallo ta nan, ta gefen durumin can,
shi kuma ya bi ƙanensa, ko riga bai cire ba.
An ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama,
balle wuyan yayansa.
Bayan magariba muka fito da su.
Ni na ɓanɓare yatsun, ɗaya bayan ɗaya.
Har yau ba na wucewa ta ƙofar gidansu.

Ita kuwa Sa'adatu shekararta sha ɗaya.
Ta dawo daga famfo ta ga kai yana nitso.
Ta kwarara ihu har masu faci suka jiyo,
ta tuntsurar da ruwan jarkarta, ta murɗe murfin,
ta ƙulla mayafi a hannun jarkar, ta wurga,
ta kwanta rub da ciki, ta riƙe bakin mayafin.
Ko tafin ƙafarta bai taɓa ruwa ba.
Yaron shi ne Mudan, mai gyaran keken bakin titi,
wanda ke hura muku ƙwallo kyauta.

Saboda haka, ihu tukuna.
Sai gora, ko igiyar shanya, ko jarka, abin da hannu ya samu.
A miƙa daga tudu, a kwance.
In ya fito a tuɓe masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi,
a kwantar da shi ta gefe,
a kai shi asibiti ko ya rantse lafiyarsa ƙalau.

In kai ne a ciki, kada ka yi kokawa da ruwa.
Kwanta rigingine, baje hannuwa,
dubi sama har numfashi ya dawo gida.

Tasi'u, ɗauki dutsen can. Jefa tsakiya.

Kun gani? Ta buɗe, ta haɗiye, ta rufe,
balbela ma ba ta tashi ba.
Wa ya ji saukarsa a ƙasa?
Ni ma ban ji ba.

Ku tafi wasanku.
In ƙwallon ta faɗa nan, ku bar mata,
ku zo gidana, mai shuɗiyar ƙofa.
Ana sayar da irinta a Sabon Gari.
Na zaga kasuwar kaf, rumfa rumfa,
ban ga inda ake sayar da Tasi'u ba.